A Daina Yi Wa Yahudawa Kuɗin Goro

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu alƙalami, wai Bayahuden da bai yarda da Allah ba, ko dai maƙaryaci ne, ko kuwa ya riga ya fita daga danginsa. Mu da muke riƙe da alli muna koyar da tarihi, wannan magana tana ci mana tuwo a ƙwarya, domin in malami ya yi shiru a kan kure, gobe ɗalibi zai ɗauke shi karatu.

To, bari mu fara daga tushe. A shari'ar malaman Yahudawa ta gargajiya, duk wanda uwarsa Bayahudiya ce, shi ma Bayahude ne, ko ya je wurin ibada ko bai je ba. Ashe ke nan kalmar tana ɗauke da addini, tana kuma ɗauke da dangantaka da tarihi. Shi ya sa Sigmund Freud, likitan nan na Biyana wanda ya rasu a Landan a 1939, ya fito fili ya ce bai yi imani ba, amma bai taɓa musun cewa shi Bayahude ne ba. Binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 22 cikin ɗari na Yahudawan Amurka sun ce ba su da addini, kuma kashi 68 suna ganin rashin imani da Allah ba ya fitar da mutum daga cikinsu. Shin duk waɗannan maƙaryata ne?

Maƙiyansu ma ba su tsaya tambayar aƙida ba. Dokokin Nurembag da gwamnatin Hitila ta kafa a 1935 kakannin mutum suka duba. Mai tsare Asabar da mai yi mata dariya, jirgin ƙasa ɗaya ya kwashe su zuwa sansanin mutuwa. Wanda aka kashe kakarsa saboda sunan, wa zai ce masa ba nasa ba ne?

Wani zai ce, ai ruwa da wuta ba sa zama gida ɗaya, me zai haɗa mai imani da marar imani? Amsarmu tana Afirka ta Kudu. Joe Slovo, wanda aka haifa a Lituweniya a 1926, ɗan kwaminis ne da bai yarda da Allah ba. Ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar mulkin wariyar launin fata, har aka kashe matarsa Ruth First da bam cikin wasiƙa a Maputo a 1982. Da ya rasu a 1995 aka binne shi a Soweto, kuma babban limamin Yahudawan ƙasar, Cyril Harris, ya tsaya gaban jama'a ya yabe shi, ya kuma nuna cewa masu ibadar da suka yi gum a zamanin zalunci ba su da bakin zarginsa. Limamin bai sauya aƙidarsa ba, mamacin kuwa bai mutu a kan tata ba. Ƙin zalunci ne ya haɗa su.

Kada a ɗauka muna cewa zamansu lami lafiya ne. Ina! A Isra'ila auren Bayahude yana hannun malaman addini, har wasu sukan haye Saifurus su ɗaura a can. Rigimar shigar ɗaliban addini aikin soja ta kai ga kotun ƙoli, wadda ta yanke a 2024 cewa dole a ɗauke su. A 1962 kotun nan ta hana Oswald Rufeisen, haifaffen Bayahude da ya zama malamin Katolika, shiga ƙasar da sunan Bayahude, alhali wanda ba shi da addini sam ba a tare shi. Wannan hukunci kansa abin muhawara ne har gobe. Amma zo mu zauna zo mu saɓa, kuma saɓani bai raba su ba. Daren Idin Ƙetarewa, kaka mai ibada da jika marar imani sukan zauna tebur ɗaya, su ci gurasa marar yisti, su tuna fitowa daga Masar. Ita tana ganin ikon Allah, shi yana ganin tarihin 'yantar bayi.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa marubuta, a bar yi wa mutane kuɗin goro. Addini daban, dangi daban, gwamnati daban. Mai sukar wata manufa ta gwamnatin Isra'ila ya soke ta da sunanta, ya kuma sani cikin masu sukarta akwai Yahudawa, masu imani da marasa shi. Imanin mutum tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, amma aikinsa a fili yake, kuma shi za mu iya aunawa. In mun ƙi, ɗaliban da ke karanta mu za su tashi da jahilcin da mu muka shuka musu.