Retinol Ba Man Gaggawa Ba Ne

Wani mai ya shigo yayi a ɗakunan kwananmu, ana ce da shi retinol. Shi dai nau'i ne na bitamin A, aikinsa hanzarta sabuntar fata, ya rage ƙuraje da yamushewa. A ganina ba man ne abin tsoro ba, gaggawar masu shafa shi ce.

Mai so ya fara da ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake, da dare kawai, sau biyu a mako. In gari ya waye sai ya shafa man kariyar rana, domin retinol yakan raunana fata a gaban haskenta. Wanda kuwa ya lafta shi kullum, fuskarsa za ta yi raɗaɗi, ta dinga saɓa, kuma a baƙar fata irin tamu wannan yakan bar tabo mai duhu. Abin da ake gudu ke nan tun farko. Da hunturu lamarin ya fi muni, sai an bi shi da man kaɗe. Amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wajen mako 12.

Hatta Tarayyar Turai, a 2024, ta ƙayyade kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari a man fuska. Mai juna biyu kuwa ta nisance shi sam.