A Bar Mana Burtali, Sannan a Yi Maganar Mota

Ya ku 'yan'uwa makiyaya da fatake da dillalan kara. Kwanakin baya an gayyaci wasu daga cikinmu wani taro a Marwa. Da safe wani saurayi mai ilimin boko ya tashi ya yi ta bayani a kan zafin duniya da hayaƙin mota, ya ce yanzu kan mutane ya waye, ana rage dogaro da mota, ana komawa keke da tafiyar ƙasa. Muka ce madalla. Bayan sallar azahar sai abokin aikinsa ya tashi, ya ce lokaci ya yi da makiyaya za su daina kora shanu da ƙafa, wai wannan al'adar mutanen da ce, a riƙa loda su a tirela. Aka tafa wa na farko, aka kuma tafa wa na biyu. Mu kuwa sai muka dubi juna. Wannan baki biyu shi ne dalilin rubutunmu.

Ba mu ce maganar rage mota ƙarya ce ba. A manyan biranen Turai motoci sun yi yawa har hayaƙi na sa mutane ciwo, shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar daina sayar da sababbin motoci masu shan fetur daga 2035. Wannan matsalarsu ce, kuma sun san maganinta, don suna da jirgin ƙasa da bas a kowace unguwa. Amma ko a Faransa, da gwamnati ta so ƙara haraji a kan mai a ƙarshen 2018, mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa ne suka fito da rigunan nan masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi, har aka janye ƙarin. Hujjarsu ita ce babu jirgin da ke zuwa ƙauyensu. To, idan baƙauyen Faransa da kwalta ta kai ƙofar gidansa ya faɗi haka, me mutumin Makari ko Gulfe ko Zina zai ce?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babbar hanya guda ce ta haɗa Kuseri da sauran ƙasar Kamaru, wato wadda ta bi ta Dabanga da Waza da Mora zuwa Marwa da Garwa. Tsakanin Mora da Kuseri kilomita 205 ne. A watan Mayu na 2014 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 10 'yan ƙasar Sin da ke gyaranta a Waza, aiki ya tsaya. A 2018 aka miƙa shi ga injiniyoyin soja, amma har 2024 ba a gama ba. Duk wanda ya bi hanyar da damina a shekarun nan ya ga manyan motoci jere sun kafe a laka, wasu sun kife. Wannan fa hanyar gwamnati ke nan, wadda kayan ƙasar Cadi ke bi daga Duwala su haye gadar Ngeli zuwa Njamaina. Hanyoyin ƙauye kuwa, da ruwa ya sauka a baƙar ƙasar nan tamu, sai kwalekwale, sai jaki, sai ƙafa.

Saboda haka a rugagenmu babu wanda ya dogara da mota, balle a ce ya rage. Abin da muka samu a 'yan shekarun nan shi ne babur. Shi ke kai nono kasuwa kafin ya lalace, shi ke ɗauko mai allurar dabbobi, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Lokacin da hukuma ta hana hawansa a yankunan kan iyaka saboda Boko Haram, mun ga yadda mara lafiya ke kwana a kan amalanken jaki kafin a kai shi gari. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, man zuwa-zuwa da muke saye a kwalba ya yi tashin gwauron zabi. A gidan mai ma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Duk ƙarin nan a kanmu ya ƙare, a kuɗin babur da kuɗin dakon shanu.

Yanzu mu zo ga saniya. Saniya ba ta shan fetur, ba a sayo mata taya. Tun kaka da kakanni, idan ruwa ya janye bayan damina, garkuna kan gangara fadamar Logon, wadda muke kira yayre, su yi rani a can, su koma tudu da faɗuwar ruwa. Shanun Cadi na haye kogi su nufi kasuwar Bogo, wasu su wuce Adumri kusa da Garwa, wasu su shiga Najeriya. Idan da gaske ake yi ana neman sufurin da ba ya hayaƙi, ga shi nan muna yi tun ba a ƙera mota ba. Wanda ya ce a loda garke a tirela bai san garke ba. Bijimin yanka ake lodawa. Shanun haihuwa da maruƙa ba kasuwa za su ba, ciyawa da ruwa suke bi, kuma babu direban da zai shiga yayre da mota. Kada kuma mu ɗauka maganar ta tsaya a ɗakin taro. A ranar 11 ga Mayu 2021 gwamnonin kudancin Najeriya sun taru a Asaba suka ce a hana kiwon sake da kora shanu da ƙafa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke kashe wannan tafiya shi ne cinye burtali. Gonar auduga ta ci gefe, gonar masakwa ta ci gefe, gari ya faɗaɗa ya toshe sauran. Madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta busar da wani babban yanki na yayre, sai a 1994 aka fara sake masa ruwa. Magudanan kamun kifi sun yi yawa a fadama, suna ratsa hanyar shanu. A watan Agusta na 2021 rikici ya ɓarke a Logon-Birni tsakanin makiyaya da masunta a kan ramukan ruwa da shanu ke faɗawa ciki. A Disamba ya sake tashi har ya iso Kuseri, aka ƙona kasuwar shanu, aka rasa rayuka a kowane ɓangare, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Ba mu ɗora laifi a kan masunci ko manomi ba, shi ma abincin 'ya'yansa yake nema. Mu ma akwai yaranmu da ke sakin shanu a gonar mutane, kuma ba mu goyon bayansu. Amma da an shata wa kowa hanyarsa tun da wuri, da ba a kai ga jini ba. Dokar 1978 ta kafa kwamiti a kowace gunduma don raba filin noma da na kiwo da sasanta rigima. Doka tana nan a takarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku kuma fatake, ba mu ce ku bar tirela ba. Wanda zai kai bijimai Yawunde ko Duwala gab da salla ba zai kora su wata biyu su rame a hanya ba. Sai dai ku lissafa: kuɗin mota, kuɗin masu shinge a kowane tsayi, da sa guda ko biyu da kan kwanta a cikin mota idan ta kwana uku a laka. Maganin wannan jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Ngaundere tun 1974, nan ya tsaya, fiye da kilomita 700 daga Kuseri. Shekara da shekaru ana alkawarin miƙa shi zuwa Njamaina. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

To ga abin da muke nema, ba ɓoye-ɓoye. Na farko, a sake shata burtalai daga tudu zuwa yayre da zuwa kasuwanni, a kafa musu turakun siminti a gaban lamido da ardo da manoma da masunta, a haƙa mashaya a kowane zango. Na biyu, duk sabuwar kwalta ko magudanar ruwa a bar mata mahayin shanu. Na uku, a gama hanyar Mora zuwa Kuseri, a rage shingayen da ke kanta. Na huɗu, kada a sake hana babur a ƙauye ba tare da an tanadi abin ɗaukar mara lafiya ba. Na biyar, a tsare mana jaki: Tarayyar Afirka ta hana yanka shi don fata a Fabrairun 2024, a zartar da hanin a kasuwanninmu, don shi ne motar talaka.

Mu ma akwai namu aikin. Kowane ardo ya tara dattawansa su faɗi burtalan yankinsu, inda suka faro, inda suka bi, da inda aka toshe, a rubuta a kawo ofishin ƙungiya kafin damina. Idan kwamiti zai zauna, ku je da kanku, kada ku aika yaro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya zo muku da maganar rage mota, ku karɓe shi da hannu biyu, ku ba shi nono ya sha, sannan ku kai shi ya ga inda gona ta toshe burtali, ku tambaye shi ta ina saniya za ta bi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.