Hubert Ogunde: Ɗan Sandan Da Ya Ajiye Kaki Ya Hau Dandamali

Sharhinmu na yau ya waiwayi Hubert Ogunde, mutumin da ya mayar da wasan kwaikwayo na dandamali sana'ar da ake ci da ita a Najeriya, a zamanin da ake ɗaukar ɗan wasa a matsayin marar aikin yi.

An haife shi a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa fasto ne, kakansa na wajen uwa kuwa mai duba ne na addinin gargajiyar Yarabawa. A gida guda ya koyi waƙoƙin coci, a ɗaya gidan ya sha kiɗan ganguna da rawar dodanni, kuma duk tsawon rayuwarsa bai yar da ko ɗaya ba. Ya yi koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941. Yana sanye da kaki ne wata coci a Legas ta nemi ya shirya mata wasa don tara kuɗin gini. A 1944 aka nuna wasan a zauren Glover, labarin Annabi Adamu da Hauwa'u cikin waƙa da rawa, Nnamdi Azikiwe yana shugaban taro. Karɓuwar da wasan ya samu ita ta sa ya ajiye aikin gwamnati.

Abu na farko da ya tsaya a kai shi ne a biya ɗan wasa haƙƙinsa. A 1945 ya kafa ƙungiyarsa, ya sa talla a jarida yana neman 'yan mata masu wasa da albashi. Iyaye suka ƙi, don a ganinsu 'yar mutunci ba ta rawa a gaban jama'a. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya auri da yawa daga cikin matan ƙungiyar, har gidansa da kamfaninsa suka zama abu ɗaya: mata da 'ya'ya su ne mawaƙa, su ne masu rawa, su ne masu sayar da tikiti.

Na biyu, bai yarda ɗan wasa ya zauna jiran 'yan kallo ba. A babbar mota ake loda ganguna da fitilu da tufafin wasa, a bi gari gari, yau a zauren makaranta, gobe a gidan sinima. Shi ne marubuci, shi ne jarumi, shi ke ba da waƙa. Kuma ba kowace kalma ake haddacewa ba. Ana tsara ƙashin labari, sauran kuwa ɗan wasa ya cike gwargwadon yadda ya ga fuskokin mutanen da ke gabansa. Da ya je ƙasar Gana ta yanzu a 1948 ya yi asara, domin jama'a ba sa jin Yarabanci. Bai zarge su ba. Ya dawo gida ya ƙara kayan busa na zamani da barkwanci da Turancin kasuwa, ya koma, ya ci riba.

Na uku shi ne ya jawo masa fitina. Ogunde ya ɗauki dandamali a matsayin jaridar wanda bai iya karatu ba, don haka abin da ke damun talaka a wannan shekara shi zai gani a wasa. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945 ya fito da "Strike and Hunger", kuma a Jos 'yan sanda suka tsayar da wasan, aka ci shi tara. Da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, sai ya shirya "Bread and Bullet". Da ya kawo shi Kano hukuma ta hana nunawa, aka kuma kai shi kotu. Tsohon ɗan sanda ya zama wanda 'yan sanda ke jira a ƙofar gari.

Samun 'yancin kai bai sa ya sassauta ba. A 1964 ya nuna "Yoruba Ronu", kira ga Yarabawa su yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. A lokacin Obafemi Awolowo yana kurkuku, tsohon mataimakinsa Ladoke Akintola kuma yana kan kujerar Firimiyan Jihar Yamma. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya gane. Gwamnatin Akintola ta haramta wa ƙungiyar wasa a faɗin jihar, wato a kasuwarta mafi girma, har sai da gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya ɗage haramcin a 1966. Shekara guda bayan haka ƙungiyar da aka kora ita ce ta wakilci Najeriya a babban baje kolin duniya na Montreal a Kanada.

Ya rubuta wasanni fiye da 50. Da zamani ya juya, kuɗin hanya ya yi tsada, talabijin ya shiga gidaje, sai ya ɗauki wasanninsa ya mayar fim, irin su "Aiye" da "Jaiyesimi", yana yawo da su kamar yadda ya saba yawo da dandamali. A 1986 gwamnatin tarayya ta danƙa masa aikin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa. Fitowarsa ta ƙarshe ita ce a fim ɗin "Mister Johnson", wanda aka ɗauka a arewacin Najeriya tare da Pierce Brosnan. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73, kuma iyalinsa sun mayar da gidansa na Ososa gidan tarihi, inda aka adana gangunansa da tufafin wasansa.