Mai Garka Ya San Ranar Shukarsa

Ƴan uwa manoma da ma'aikatan hukuma, ga wata magana da ta shafi duk mai ɗan fili bayan gida ko bakin gari a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Kowace shekara ana asarar iri da ruwa da ƙarfi, kuma yawanci rashin sanin lokaci ne ke jawo haka.

Ku duba takardar irin salati ko karoti da ake kawowa daga Turai. Sau da yawa a bayanta an rubuta a shuka a watan Maris ko Afrilu. Wannan lissafin ƙasarsu ne. Manomin Faransa tsoron jaura yake, wadda ke daskarar da ruwa ta ƙone tsiro, shi ya sa ba ya fid da dashen tumatir sai tsakiyar Mayu ta wuce. Mu nan jihar Tawa ruwa ba ya daskarewa. Abokin gabarmu zafin bazara ne, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40. A irin wannan zafi furen tumatir zubewa yake, salati ya yi tsiri ya yi ɗaci, shu ya ƙi dunƙulewa.

Saboda haka sai mu yi lissafi da baya. Sanyinmu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, wata 4 kacal. Tumatir na yin kamar wata 1 a wurin reno, sa'an nan fiye da wata 2 bayan dashe kafin a fara tsinka. Shu ma kusan haka. Karoti da dankalin turawa na son wata 3. Wanda ya zuba iri a Oktoba zai ci moriyar sanyi duka. Wanda ya jira Janairu, zafi zai tarar da shukarsa tana fure. Mutanen Galmi sun daɗe da gane wannan: sukan zuba irin albasa da ɗaukewar damana, su dasa bayan kwana 40 zuwa 50, su cire a Maris ko Afrilu. Da wannan kula albasarsu ta yi suna har Abijan da Akara.

Abu biyu kuma ya kamata a kiyaye. Na farko, kada a ɗaure ranar shuka da watan Musulunci, domin shekararsa na gaza ta rana da kwana 11. Wanda ya ce kullum bayan Mauludi yake shuka, cikin shekara 3 ya kauce da fiye da wata guda. Na biyu, kada a shuka komi rana ɗaya. In kowa ya kai tumatir kasuwa mako guda, sai kwando ya faɗi, saura ya ruɓe. A raba fangali, a riƙa zubawa duk kwana 15. In zafi ya shigo, a koma ga kuɓewa, alayyaho, yakuwa da zogale.

Wani zai ce ai Allah ke ba da amfani, ba kalanda ba. Gaskiya ne, amma wanda ya ba da amfanin shi ya raba shekara damana da kaka da ɗari da bazara. Sanin lokutan nan yana cikin godiya.

Hukuma ma da nata nauyi. Tun bayan farin 1984, da Shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga noman rani, aikin garka ya zama abin dogaro ga dubban iyalai. Sai dai irin da ya iso Disamba bai taimaki kowa ba. Ya kamata iri da taki su kasance hannun manoma tun Satumba. Gandun ban ruwa na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,000, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango da ke kan Magiya, kuma abin da damana ta tara ne, raguwa yake kullum har bazara. Ya dace ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, da ƙungiyoyin manoma su riƙa faɗin ranakun sakin ruwa da wuri. Magadan gari kuma, in ana yanka filayen gidaje, su keɓe fadamun bakin gari, domin fadamar da aka zuba wa siminti ba ta komawa garka.

Ku kuma da kuka fito makarantar yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Kowa ya sayi ɗan littafi, ya rubuta ranar zuba iri, ranar dashe, ranar tsinkar fari da kuɗin da ya sayar. Bayan shekara 3, malamin gona ya tara littattafan unguwa, a fid da kalandar garka da Hausa, ta Ƙonni dabam, ta Badagishiri dabam, a manna ta a ofishin magajin gari da bakin kasuwa kafin watan Satumba ya ƙare. Allah ya sa wa aikinmu albarka.