A Auna Kafin A Yanka

Duk farkon zango, in ka leƙa littattafan 'yan makaranta, za ka iske kusan kowa ya zana jadawalin karatu da jan biro da shuɗi. Ƙarfe 4 na asuba lissafi, ƙarfe 5 kimiyya, bayan Isha'i Turanci har ƙarfe 11. Kafin mako uku jadawalin ya koma kayan ado. Daga nan sai mai shi ya yanke wa kansa hukunci cewa shi rago ne, a gida ma a tabbatar masa da haka. Ni a ganina, sau da yawa laifin na jadawalin ne, domin an ɗinka shi ba tare da an ɗauki awon mai shi ba.

Akwai wata hanyar tunani da masu ƙirar kaya suke bi, watau mutanen da ke zana kujera ko keke ko wayar hannu kafin a ƙera su. Kamfanin IDEO na Amurka, wanda aka kafa a 1991, da wata makarantar ƙira da David Kelley ya jagoranci kafawa a Jami'ar Stanford, suna cikin waɗanda suka yayata ta a duniya. A taƙaice, ana farawa ne da mutumin da zai yi amfani da abin. A zauna a lura da shi har a gane ainihin matsalarsa, a kawo dabaru iri-iri, a haɗa samfuri mai arha a ba shi ya gwada, a gyara, a sake ba shi. A 2016 malamai biyu na Stanford, Bill Burnett da Dave Evans, suka buga littafi suna cewa mutum yana iya tsara rayuwarsa ta wannan hanya.

To, mu 'yan Zariya ba sai mun haye teku ba, misalin yana nan ƙofar gidanmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samo asali tun 1922, aka kuma haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekara da shekaru masana suna ba manoma shawara su riƙa shuka iri ɗaya zalla a gona, su kuma shuka auduga da wuri. Manoma su saurara, su yi godiya, su koma gona su haɗa gero da dawa da wake kamar yadda suka saba, auduga kuwa sai an gama da abinci. Da yawa suka ɗauka taurin kai ne da rashin ilimi.

Sai wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman da abokan aikinsa suka bi wata hanya dabam. A 1966 da 1967 suka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi (Hanwa ɗin nan da yanzu gari ya haɗiye ta), suka riƙa ziyartar gidajen manoma a kai a kai, suna rubuta aikin da kowa ya yi da lokacin da aikin ya ci masa. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki. Ashe babbar matsalar manomi ita ce ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, sa'ad da ciyawa ta taso ko'ina lokaci guda. Wanda ya bar hatsinsa a wannan lokaci ya koma kan auduga, iyalinsa za su kwana da yunwa. Haɗa shuka kuwa ya fi ba shi riba a kan wahalarsa, kuma in wannan ya ƙi, wancan ya yi. Shawarar masana tana da kyau a filin gwaji inda akwai leburori da taki, amma an yi ta ba a duba watan Yuli na manomi ba. Lalle mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

'Yan'uwana, kowannenmu yana da nasa watan Yuli. Yaron da ke taya mahaifinsa tsaron shago a kasuwar Sabon Gari har Magariba, da yarinyar da wanke-wanke da ɗiban ruwa ke jiran ta da ta ajiye jaka, da wanda kullum yake bin mota ta Kwangila tsakanin Sabon Gari da Samaru, ba yadda za a yi jadawali ɗaya ya dace da su duka. Amma me muke yi? Sai mu kwafi na wanda ya zo na ɗaya, wanda mai yiwuwa a rukunin gidajen ma'aikata yake zaune, da ɗakinsa shi kaɗai da fitilarsa.

Shawarata ita ce mutum ya zama mai bincike kuma manomi a lokaci guda. Ya ɗauki mako ɗaya bai canja kome ba, sai dai ya rubuta gaskiya: yaushe ya tashi, yaushe barci ya fara fizgar sa, awa nawa waya ta cinye, yaushe aka ɗauke wuta, yaushe kansa ya fi ɗauka. Bayan mako sai ya faɗi matsalar da sunanta. "Ba na karatu" ƙorafi ne kawai, ba abin da za a gyara a ciki. "Bayan tuwon dare ba na iya riƙe kome, kuma lokacin na ajiye wa lissafi" magana ce da ke da hannun kamawa.

Daga nan sai gwaji, kuma ƙarami. Telan kirki a Sabon Gari ba ya sa almakashi a shaddar mutum sai ya auna, ya zana da alli. A Samaru ma ba a raba wa manoma sabon irin masara ko gyaɗa sai an gwada shi a 'yan ƙananan filaye, damina bayan damina. Haka ya kamata mu yi da halinmu. A mayar da lissafi bayan Asuba, minti ashirin kacal, na kwana goma. Ko a bai wa inna ajiyar waya daga Isha'i zuwa safe. Abu ɗaya a lokaci ɗaya fa, domin in ka canja abu biyar tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In gwajin ya ƙi, an ƙaru da sani, asarar kuwa ba ta wuce kwana goma ba.

Wanda ya yi aiki kuma a ba shi lokaci. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan da mutum 96, aka buga shi a 2010, ya nuna cewa a tsaka-tsaki sabon hali yakan ɗauki kwana 66 kafin ya bi jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya kuma bai ɓata tafiyar ba. Zangon karatu ɗaya ya fi kwana 66, watau ya isa mutum ya kafa hali ɗaya mai kyau.

Na san wasu iyaye za su ce wannan duk ƙofa ce aka buɗe wa lalaci, mu a zamaninmu da bulala da aci-balbal muka yi karatu. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, domin akwai raggo na ainihi, kuma ba dabarar da za ta karanta wa mutum littafi. Sai dai wannan hanya ta fi tona asirin raggo, gama takardarsa ta mako za ta nuna awa huɗu a kan waya da rubutun hannunsa. Akwai kuma abubuwan da ba a gwaji da su. Salla a kan lokaci, da biyayya ga iyaye, da faɗin gaskiya, waɗannan ginshiƙai ne, a kewayensu ake tsara sauran.

Roƙona ga iyayenmu shi ne su karɓi takardar nan ta mako su duba tare da mu, domin yawancin abin da ke cikinta a hannunsu yake. Ɗage aike ɗaya daga safe zuwa yamma yana iya samar wa yarinya rabin awa mai tsabta kowace rana. Su kuma tuna cewa jarrabawar WAEC da ta NECO suna faɗowa ne wajen Mayu zuwa Yuli, daidai lokacin shuka da noman firi. Ɗan gidan manoma a Bomo ko Shika da ya bar bitarsa sai lokacin, zai iske gona da jarrabawa suna kiran sa rana ɗaya, don haka nasa babban karatun da rani ya kamata a tsara masa shi, daga Janairu zuwa Maris.