Mota Mai Ciki Biyu: Ina Ribar Take?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, duk mai mota a ƙasar nan ya koma ɗan lissafi, ko ya so ko ya ƙi. Litar da ake sha a kan ƙasa da naira 200 ta yi tsalle ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa sai da ta haura naira 1,000 a Abuja. To, a cikin wannan hali ne ake ta ƙara jin labarin wata irin mota wadda aka ce ba ta san hanyar gidan mai ba sai jifa-jifa. Kafin mutum ya kwance bakin jakarsa saboda ita, ya kamata a zauna a yi lissafin abin da take ci.

Ita wannan mota ciki biyu gare ta. Tana da injin fetur kamar kowace mota, tana kuma da babban batir mai juya wani inji na lantarki. Kada mai karatu ya ɗauka irin Toyota Prius ce ta farko, wadda ta fito a Japan a 1997. Waccan batirinta ƙarami ne, injin fetur da birki su ke cika shi, ba a jona ta a ko'ina. Wannan kuwa jona ta ake yi a soket ɗin bango, kamar dai yadda ake cajin wayar hannu, sa'an nan ta yi tafiyar kilomita 40 zuwa 60 ba ta taɓa ɗigon mai ba. In batirin ya yi ƙasa, sai injin fetur ya karɓi aiki. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fara sayar da irinta a 2008, Chevrolet Volt ta biyo baya a Amurka a 2010, sai Mitsubishi Outlander a 2013.

A takardar kamfani, da yawa daga cikin waɗannan motoci ba sa shan lita 2 a tafiyar kilomita 100. Ba ƙarya aka yi ba, amma fa da batir cike taf ake fara gwajin, kuma ana yin lissafin ne bisa zaton mai motar zai riƙa jona ta kullum. Turawa sun yi wannan zato, kuma bai fisshe su ba. A 2022 wata cibiyar nazarin sufuri mai suna ICCT ta bi diddigin dubban irin waɗannan motoci a Turai, ta tarar na masu zaman kansu suna shan lita 4 da 'yan kai, waɗanda kamfanoni ke bai wa ma'aikatansu kuwa suna shan wajen lita 8. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ita ma ta fitar da nata rahoton a kan motocin da aka yi wa rajista a 2021, inda ta ce hayaƙin da suke fitarwa a kan hanya ya ninka na takarda sau uku da rabi.

Dalilin kuwa a fili yake. Ma'aikacin da kamfaninsa ke biya masa kuɗin mai, amma kuɗin wutar gida daga aljihunsa zai fito, mene ne zai sa ya wahalar da kansa da jona mota? A 2018 gidan rediyon BBC ya ba da labarin cewa a Ingila an sami irin waɗannan motoci na kamfanoni da wayar cajinsu tana nan a but cikin ledarta, ba a taɓa kwance ta ba. An saye su ne kurum don rangwamen haraji. Motar da ba a jona ta kuwa, motar fetur ce wadda aka ɗora wa ƙarin kaya masu nauyin buhunan hatsi biyu ko uku, tana yawo da su ba dare ba rana.

To, in haka ta faru a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, yaya ke nan a Nijeriya?

A ɗauki mota mai girman Outlander, a kuma yi amfani da farashin 2024. Irin wannan mota tana bukatar wajen yunit 20 na wuta don tafiyar kilomita 100, yunit ɗin nan dai da ake saye a loda wa mita. A watan Afrilu na wannan shekarar hukumar NERC mai kula da sha'anin lantarki ta mai da yunit ɗaya naira 225 ga waɗanda ke rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kafin daga baya a ɗan rage. Ke nan kilomita 100 a kan wuta naira 4,500 ne. Wannan tafiya a kan fetur, da batir wayam, za ta ci wajen lita 7, watau naira 7,000. Ribar ta kama naira 2,500. Ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana tsakanin gida, ofis da makarantar yara, zai tsira da naira 1,000 kullum, in an tara kwana 300 ya zama naira 300,000 a shekara. Kuɗi ne ba shakka, amma sai a tambayi dillali nawa ne bambancin farashi tsakanin wannan mota da 'yar'uwarta mai fetur zalla, a raba da 300,000 ɗin, a ga shekara nawa za a yi kafin uwar kuɗi ta dawo.

Wannan ma lissafin mai sa'a ne. A lokacin da aka yi ƙarin, hukumar ta ce 'yan rukunin A ba su wuce kashi 15 cikin 100 na masu shan wuta ba. Sauran jama'a yunit ɗinsu bai kai rabin wancan farashi ba, don haka a takarda ribarsu ta fi yawa, sai dai cika batirin a soket ɗin gida yana ɗaukar wajen awa biyar, alhali 'yan rukunin ƙarshe wutar awa huɗu aka yi musu alkawari, in ma an cika. Sai mai gida ya dawo da yamma ya jona mota, a ɗauke wuta da ƙarfe tara, gari ya waye batir na nan inda yake.

A nan ne zuciya za ta raya wa mutum ya tayar da janareto. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙaramin janareton fetur irin na gida da ƙyar yake ba da yunit biyu daga lita ɗaya, saboda haka yunit 20 ɗin nan zai lashe lita 10 ko fiye. Watau an ƙona lita 10 a tsakar gida, da ƙara da hayaƙi da damun maƙwabta, don a yi tafiyar da lita 7 za ta yi in da a tankin motar aka zuba ta. Wanda lissafin ya yi wa daɗi ƙwarai shi ne mai faifan sola masu yawa a gida ko a wurin aiki, wanda motarsa ke yini a ajiye tana shan wutar rana. Mai zaman haya a gidan yawa, wanda mota ke kwana a bakin titi, ba ya cikin wannan zance sam.

Haka nan matafiyi. Daga Kaduna zuwa Abuja wajen kilomita 190 ne. 40 ko 50 na farko ne kaɗai za a yi a kan wuta. Mai zuwa Legas daga Kano kuwa, batirin zai sallame shi tun bai ga Zariya ba.

Wajen gyara, akwai sauƙi akwai kuma akasinsa. Birki yana daɗewa bai cinye ba, domin injin lantarkin ne ke rage gudu, yana mai da ƙarfin cikin batir. Injin fetur ma ba ya wahala sosai. Amma har yanzu sai an yi juyen baƙin mai, an canja filogi da filta, tayoyi kuma suna ɗauke da ƙarin nauyi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hannun da zai taɓa ta. Batirin Outlander yana aiki da ƙarfin wuta na bolt 300, wanda ya isa ya kashe mutum. Bakaniken da ya ƙware a kan Peugeot 504 da Corolla, mai gane ciwon inji da kunne, ba wulakanci ba ne in an ce wannan ba layinsa ba ne sai ya je ya koyo. Kayan gyaran ma, kafin a sayi motar ya kamata a zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a ji ko akwai su, a kuma ji farashi.

Babban abin tsoro dai shi ne batirin kansa. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 a kansa, motocin Kwatano kuwa sau da yawa sai sun kusa wannan shekaru suke isowa. Batir yana raguwa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufan nasa. A Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, motar da ke yini a rana ba za ta yi ƙarkon ta Turai ba. Batirin da ya koma ba da kilomita 20 maimakon 40 ya raba waccan naira 300,000 gida biyu, sabo kuma kuɗinsa da kuɗin ƙasashen waje ake yanke shi.

Saboda haka mai saye kada ya tsaya ga sheƙin fenti da sanyin iyakwandishan. Ya sa dillali ya cika batirin a gabansa, a sa ta a kan lantarki zalla, a kama hanya, ya ƙirga kilomita nawa aka yi kafin injin fetur ya tashi. Ya kuma buɗe but ya duba wayar cajin. In daga Amurka motar ta fito, galibi wayarta ta wutar bolt 120 ce, ta ƙasar nan kuwa 230 ce, don haka sai ya sa kuɗin wata wayar a cikin ciniki tun kafin a yi sallama.