Gajere Ba Yaro Ba Ne

Masu iya magana suka ce, wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Na koyi wannan karin magana a aji, a shekarata ta farko ta karatun Hausa, amma ma'anarta ta daɗe a gidanmu. Ƙanin mahaifiyata wada ne. Tela ne, yana da mata da 'ya'ya uku, amma duk sanda muka shiga kasuwa sai yara su biyo mu suna ihu, "Aki! Pawpaw!" Manya kuwa, maimakon su tsawata musu, sai su taya su dariya.

A ganina, finafinai ne suka koya musu wannan. A shekarar 2002 fim ɗin Aki na Ukwa ya fito da Chinedu Ikedieze da Osita Iheme a matsayin yara masu ƙiriniya, alhali an haifi Chinedu a 1977, Osita kuma a 1982. Wato samari ne baligai. Ba na musun gwanintarsu, ni ma na sha dariya, kuma fim ya ba su suna da arziki. Matsalar ita ce an shafe shekaru ana nuna su a siga ɗaya, ko dai yara ko mabarkwanta, har mai kallo ya ɗauka cewa wada abin wasa ne.

Wani zai ce ai sana'arsu ce, kuma idan aka hana su wannan rawa, me za su ci? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A Amurka, bayan Peter Dinklage ya soki shirin sake yin fim ɗin Snow White a 2022, fim ɗin ya fito a 2025 da wadanni bakwai da aka zana da kwamfuta, kuma wasu 'yan wasa wadanni sun koka cewa an toshe musu hanyar abinci. Saboda haka cire su daga fim ba magani ba ne. Maganin shi ne a ba su rawar cikakken mutum. Shi kansa Dinklage ya fito a matsayin mashawarcin sarauta mai kaifin basira a shirin Game of Thrones daga 2011 zuwa 2019, ya lashe lambar yabo ta Emmy har sau huɗu.

Ya kamata mu sani cewa nau'in wadancin da ya fi yawa ƙashi yake shafa, ba hankali ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu shi iyayensu masu tsayi ne kamar kowa. Ke nan kowannenmu yana iya haifar wada.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Daga cikinmu marubutan labarin fim da masu fassara za su fito. Idan muka ɗauki alƙalami, mu rubuta wada malami, ko likita, ko alƙali, ko mai gida kamar kawuna. Allah Ya sa mu gyara.